Lu'ulu'un da Inji Ya Tauna

Kan Dutse, 11 ga Yuni

Zuwa ga mahaifina abin ƙaunata, Ntate Sekhobe,

Gaisuwa mai yawa cikin ladabi daga 'yarka Lisebo. Yaya ƙarfin jiki, yaya gwiwar nan da ba ta shiri da sanyi? Yaya Gwaggo Matumelo da ɗawainiyarka, yaya tumaki? Ni dai lafiyar jiki akwai ta, sauran kuwa sai a hankali.

Na koma ga takarda ne don wayar da muka yi ranar Lahadi ta ishe ni. Ina ce maka aiki ya dagule, kana tambayata wa ya haihu. Takarda dai ba ta bukatar kunne, ka sa tabarau ka zauna a rana ka karanta a tsanake.

Ntate, babana, wata bakwai ke nan ba mu ga babban lu'ulu'u ba. Kai da ka yi shekara tara kana haƙar dutsen nan da diga da rariya tun kafin kamfani ya zo, ba sai na gaya maka halinsa ba: marowaci ne mai kyautar sarakuna. A fasa tan ɗari na dutse a wanke, abin da zai iso gabana a ɗakin tsince bai fi ƙwayar wake ba. Ƙananan ko man manyan motoci ba sa biya. Manyan nan biyar ko shida da Allah ke jefo mana a shekara, su ke ciyar da mutum dubu da ɗoriya, su ke riƙe da asibiti, su ke share ƙanƙara daga hanya. Bana kuwa shiru kake ji.

Tun bayan Ista aka kawo mana sabon manajan injuna, Ntate Phafoli. Ba mugu ba ne, yana gaida kowa, har mai shara ya san sunanta. Amma masu kamfani da ke ƙetare abu ɗaya suke dubawa a ƙarshen wata, nauyin lu'ulu'u karat nawa aka samu. Sai ya sa aka matse bakin injin fasa dutse, don ya niƙa da laushi, ƙananan da ke maƙale su fito. Sun kuwa fito, adadin ya hau, aka tafa masa.

Ni kuma abin da nake gani daban. Shekarata goma sha takwas hannuna cikin safar nan ta akwatin gilashi da muke tsince a cikinsa. Lu'ulu'un da ya fito da kansa fatarsa dusu-dusu take, kamar an shafa masa mai. Wanda aka fasa kuwa fuskarsa na ƙyalli da kaifi kamar fasasshiyar kwalba. Irin waɗannan gutsattsarin sun yi yawa, Ntate, kuma farare ne tas, irin jinin manyan.

A taron ranar Litinin na ɗaga hannu na ce, "Ntate Phafoli, injin nan yana tauna mana manyan."

Ya yi murmushi ya ce, "Mme Lisebo, manyan da wata bakwai ba mu gani ba? Yaya za a fasa abin da babu?"

Aka yi dariya. Na ce watakila ba ma ganinsu ne don ana fasa su kafin su iso. Sai ya dubi agogo, ya ce a wuce ga maganar takalman aiki.

Da muka fito, Ntate Khoabane ya tare ni. Shi ne ke tsaye a kan injin, ƙaton nan mai rera waƙa a coci da na taɓa ba ka labari. Ya ce, "Ausi, 'yar'uwata, gaskiyarki. Ni da ke kusa da shi na ji kukansa ya canja." Na ce to me ya hana ka buɗe baki a ciki? Ya gyara hularsa ya ce, "'Ya'yana huɗu a makaranta. Bakina ma an matse shi, kamar na injin."

Haushi ya hana ni cin tuwo ranar. Ka yi mini addu'a kada harshena ya ja mini.

Ka gaida Gwaggo, ka ce ta riƙa ɗumama maka ruwan wanka ko ka ƙi.

'Yarka mai ƙaunarka,
Lisebo

Kan Dutse, 20 ga Agusta

Ntate na,

Ina gaishe ka da kyau, ina fata sanyi ya fara sakin ƙasusuwanka. Na ji daɗin labarin tagwayen da tunkiyar nan mai baƙin kunne ta haifa. Wasiƙarka ta iso, na karanta ta sau uku. Ka ce in yi haƙuri, wanda ke cikin kogi ba ya zagin kada. Na ji, Ntate. Amma idan kogin ne ke ƙafewa fa?

An sallami mutum ɗari da sittin ranar Juma'a. Aka liƙa sunaye a bangon ɗakin cin abinci, mutane na tura juna suna bin layi da yatsa. Dalilin da aka ba mu shi ne ƙananan sun ƙara faɗuwa a kasuwa, wai yanzu ana ƙera irinsu a masana'anta kamar sabulu, amarya ba ta iya bambancewa. Manyan ne kawai ba a iya ƙera tarihinsu. To ka ji, abin da muke niƙa dutse dominsa shi ne ba ya da daraja, abin da ke da daraja shi muke niƙewa.

Ausi Tlaleng tana cikin waɗanda aka sallama. Shekara goma sha ɗaya muna zaune kafaɗa da kafaɗa, ita ce ke sa ni dariya in ido ya gaji. Na raka ta har bakin bas, bargonta a kafaɗa, akwati a hannu. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Lisebo, in babban ya zo ki gaishe shi, ki ce masa ya makara." Ni ce na yi kukan, a bayan ɗakin wanki inda babu mai gani.

Washegari na zauna na rubuta rahoto, shafi biyu. Na faɗi yawan fasassun da na gani daga Afrilu zuwa yau, da irin farinsu, da abin da nake zargi. Na kai wa sakatariya na tsaya a kanta har ta buga hatimi da kwanan wata a kan nawa kwafin. Ta ce, "Mme, kamar mai kai ƙara kotu?" Na ce a'a, tsufa ne, ina mantuwa.

Ntate Phafoli ya kira ni ofis, ya rufe ƙofa, ya zuba mini shayi da hannunsa. Don in yi masa adalci, Ntate, mutumin ya rame. Ya ce, "Mme, kina tsammani ban san abin da kike faɗa ba? In na buɗe bakin injin, adadin wata zai faɗi, kafin Kirsimeti su sa mana kwaɗo gaba ɗaya. In na matse, ina saya mana wata bayan wata. Ke kina caca a kan dutsen da ba wanda ya gani. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki."

Na ce, "Ntate, ai kazar ce kake taka wa wuya."

Ya ce aikina tsince ne, ba ƙirga haƙoran inji ba. Ya sa rahoton a aljihun tebur, na ji ƙarar makulli.

Abin da ya fi ci mini rai, ba zan iya rantsewa cewa bai da gaskiya ba. Ban ga babban ba. Ɓurɓushinsa kawai nake gani, kamar mai ganin gashi a bakin kare tana cewa an ci tunkiya.

Ka gaida Gwaggo da maƙwabta. Na aiko maka da man zafi ta hannun direban motar gawayi.

Taka har kullum,
Lisebo

Kan Dutse, 17 ga Oktoba

Mahaifina,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata ruwan farko ya sauka a wajenku, an samu shanun huɗa. Na san ka ji a rediyo, na kuma san ka yi murna, don Gwaggo ta ce har rawa ka taka da sandarka. Ka zauna tukuna, Ntate, in gaya maka abin da rediyo bai faɗa ba.

Ranar Talata da hantsi, Mme Nthati, dattijuwar da ke zama a ƙarshen layi, ta saki wata ƙara kamar an taka ta. Muka ruga. Ga shi nan a cikin akwatin gilashi, ya cika mata tafin safa, fari fat kamar ƙanƙarar da ke daskarewa a bakin rufi, ba ɗigo ko ɗaya a cikinsa. Karat ɗari biyu da goma sha huɗu. Mata suka ɗauki guɗa, masu gadi suka manta da kansu suna tafi. Ni ma na yi guɗar, ba zan ɓoye maka ba. Amma da na juya shi, sai na ga gefe ɗaya yana ƙyalli da kaifi. Fasasshe ne.

Bayan abincin rana na biyu ya fito, ɗari da sittin da uku. Washegari da safe na uku, casa'in da takwas. Wata goma sha ɗaya ba ko ɗaya, sai ga uku cikin kwana biyu. Mutane na cewa Allah ya buɗe taska. Ni na san ba haka dutsen nan ke kyauta ba.

Na roƙi shugaban masu gadi ya tsaya shaida, na sa ukun a tire ɗaya. Na ɗauki na farko da na biyu na kusanta su. Ntate, suka rungumi juna kamar uwa da ɗa, ko gashi ba zai shiga tsakani ba. Na uku ya zauna a gefensu daram. Sai wani gurbi da ya rage, wanda babban yatsana zai shige, wannan ya zama gari ya bi ruwan wanki. Lu'ulu'u ɗaya ne. Da ya iso gare ni yadda Allah ya ajiye shi, da ya kai karat ɗari shida. Irin wanda ake yin shekaru ba a ga kamarsa a duniya ba.

Ka san bargo ɗaya cikakke da bargon da aka yanka uku ba kuɗinsu ɗaya ba, ko da ulun bai ragu ba. A nan abin ya fi haka muni, don masu sayen irin wannan girman suke saye, da cewa babu na biyunsa. Ukun nan za su riƙe mu wata takwas ko tara. Da ɗaya ne, da ba a sake maganar rufewa ba sai bayan shekara biyu ko uku, da bas ɗin da ya sauke su Tlaleng ya koma ya ɗauko su.

Aka kira Ntate Phafoli. Ya shigo yana dariya, ya leƙa cikin gilashin, dariyar ta tsaya a fuskarsa ba ta san inda za ta ba. Ya nemi kujera ya zauna. Can ya ce a hankali, "Raba su, Mme."

Na ce, "Ai ka riga ka raba su, Ntate."

Ban faɗa don in ci masa fuska ba, fita ta yi da kanta, kuma ban ji sanyi a raina da na faɗa ba.

Ya ce in rubuta a littafin ɗaki cewa an samu uku. Na rubuta an samu uku, a ƙasa na ƙara layi ɗaya: fuskokinsu sun dace da juna. Shugaban masu gadi ya sa hannu yana kallon rufi.

Ranar Asabar kamfani ya yanka shanu huɗu. Aka yi kiɗa, aka yi waƙa, maza na ɗaga sanduna. Na karɓi naman na zauna da shi a cinya har kitsen ya daskare. Kowa na ce mini, "Mme Lisebo, saki fuska mana, yau ranarku ce, masu tsince!" Yaya zan gaya wa mutumin da ke rawa cewa a makoki yake?

Kada ka gaya wa kowa wannan tukuna, ko Gwaggo.

'Yarka,
Lisebo

Kan Dutse, 9 ga Nuwamba

Ntate,

Ina gaisuwa, ina fata kana lafiya. Ka gafarce ni, wannan gajera ce.

An kori Ntate Khoabane.

Da duwatsun suka isa ƙetare, mai kimanta su bai yi minti biyar ba ya gane. Masu kamfani suka ce sai an kawo musu wanda ya yi. Umurnin matse bakin injin da baki aka bayar, ba a rubuce ba. Abin da ke rubuce shi ne takardar saitin kowace safiya, kuma sunan Khoabane ne a ƙasanta. Wai ya matse fiye da ƙa'ida bisa ganin damarsa. Shekara ashirin da biyu yana aiki, aka ba shi kwana biyu ya kwashe kayansa.

Na same shi yana ɗaure katifa. Na ce, "Abuti, ɗan'uwana, ka gaya musu wanda ya sa ka!" Ya ce, "Na faɗa, Ausi. Suka ce ina shaida? Na yi shiru lokacin da magana ke da amfani, yanzu na yi magana lokacin da ba ta da shi." Ya ce bai san yadda zai shiga gida ya dubi matarsa ba, don har a coci an yi masa addu'ar godiya kan duwatsun.

Wakiliyar masu kamfani za ta zo ranar ashirin ga wata ta rufe binciken. Ba a gayyace ni ba. Zan je, da kwafin rahotona mai hatimi. Na san abin da za ka ce, na san ni ce ke riƙe da gida. In aka haɗa ni da Ntate Khoabane aka kora, ka yafe mini, zan dawo mu yi noma. Ba zan iya ci gaba da sa hannu cikin safar nan ba ina sane da wanda aka yanka a madadin wani.

Taka,
Lisebo

Kan Dutse, 14 ga Disamba

Zuwa ga Ntate Sekhobe, mahaifina,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan masara ta yi kore, ƙanƙarar sama ba ta taɓa ta ba. Yaya gwiwa, yaya Gwaggo? Layi ɗaya ka rubuto mini, "Je ki, ƙasa ba ta korar mai noma." Na ninke shi na sa a aljihun rigar aiki na shiga da shi.

Wakiliyar wata Baturiya ce mai furfura, ba ta da yawan magana. Na ƙwanƙwasa na shiga ba a kira ni ba. Na ajiye mata shafi biyun. Ta karanta, ta dubi hatimin, ta sake karantawa. Ta ce, "Tun Agusta? Me ya sa wannan bai iso gare mu ba?" Na ce, "Ban sani ba, Mme, ni aikina tsince ne." Ntate Phafoli na zaune a gefe. Sai ya ce, "Yana cikin teburina. Ni na ba da umurnin." Wannan kam na ba shi. Ya ƙara da cewa su ma su tuna abin da suke tambayarsa kowane ƙarshen wata. Matar ba ta rubuta wannan ba, na lura.

Ga yadda aka ƙare. An mayar da Ntate Khoabane kan injinsa, ba wanda ya ce masa yi haƙuri. An ɗauke Ntate Phafoli zuwa babban ofis a Maseru, an ce teburinsa na can ya fi na nan faɗi. An ɗauko wani masani daga ƙetare, ya yi mako uku yana cin naman tunkiya, ya rubuta shafi sittin yana faɗin abin da na faɗa a biyu. An buɗe bakin injin tun washegarin zuwan wakiliyar. An yi alkawarin na'urar da ke hango lu'ulu'u a cikin dutse kafin a fasa, wai baɗi, in kasuwa ta yi kyau. Mutum ɗari da sittin kuwa ba a ko ambace su ba. Tlaleng tana soya fanke a tashar motar Hlotse. Ni an ba ni takardar yabo cikin gilashi.

Kuma ka ji inda abin ya juyo. Tunda aka buɗe bakin, adadin wata ya faɗi kamar yadda Phafoli ya ce, babban kuma bai zo ba. Yanzu duk wanda ya gamu da ni a hanya sai ya ce, "Mme Lisebo, ina babban naki?" Wasu da wasa, wasu ba da wasa ba. Kayan da ke kan Phafoli an sauke an ɗora mini, ba tare da teburin ba.

Abu ɗaya ne ya sa ni dariya a watan nan. Kamfani ya ce ma'aikata su raɗa wa mafi girman ukun suna kafin a kai shi gwanjo, suna na harshenmu, don masu saye na son haka. Aka taru a ɗakin cin abinci, ana ta kawo su Tauraro da Albarka. Sai Ntate Khoabane, wanda bai taɓa buɗe baki a taro ba, ya miƙe da muryar nan tasa ta coci ya ce, "Sekotoana." Hannaye suka tashi gaba ɗaya. Manajan da ya maye gurbin Ntate Phafoli, baƙo ne, ya ce sunan na da daɗi a kunne, mene ne ma'anarsa? Mme Nthati ta ce masa, "Rabo, Ntate." Ya ji daɗi ƙwarai, ya rubuta.

Don haka, Ntate, wata rana wata hamshaƙiya a wata ƙasa za ta rataya shi a wuya, ta riƙa gaya wa baƙinta sunansa da alfahari, ba ta san tana cewa Gutsure ba.

Zan sauko ranar ashirin da uku, kwana biyar aka ba ni. Ka ce wa Gwaggo ta jiƙa wake da masara, kuma kada kowa ya tambaye ni labarin lu'ulu'u.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya bar mana kai.

'Yarka mai ƙaunarka,
Lisebo